Babu ƙasar da doka za ta bari ka je ka sayar da ƙodarka

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ina fata kowa na Tudun Wada yana lafiya. Ka ce tun da ka gama bautar ƙasa kake zaune, ka samu gurbin digiri na biyu a nan Ingila amma kuɗin makaranta sun gagara. Sai wani da kuka haɗu a WhatsApp ya ce zai yi maka biza da tikiti, ka zo ka ba wani mara lafiya ƙoda ɗaya a biya ka, wai a Turai doka ta yarda. Har ya tambaye ka rukunin jininka. Kana so ka ji ko gaskiya ne.

Ƙarya ya yi maka. A sashen wankin ƙoda nake aikin jinya, kuma wannan doka tana cikin abin da ake koya mana. Dokar sassan jikin ɗan Adam ta 2004 ta haramta cinikin ƙoda a Ingila, mai saye da mai sayarwa da dillali duk masu laifi ne, ɗaurin yana iya kaiwa shekara 3. Tun 2022 ma, mazaunin ƙasar nan da ya fita waje ya sayo ƙoda ana iya kama shi idan ya dawo. Amurka ta hana tun 1984. Indiya, inda mutanenmu suka fi zuwa dashe, ta hana a 1994, Masar kuma a 2010. Iran ce kaɗai ta tsara biyan mai ba da ƙoda tun 1988, ita ma ba ta yarda baƙo ya sayar wa ɗan ƙasarta ba. Ka ga ko can babu ƙofarka.

A gida ma haka ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana karɓar kuɗi a kan wani sashe na jiki, sai dai a mayar wa mutum abin da ya kashe. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ke aiki da ita, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba da tarar da ba ta gaza naira miliyan 5 ba ga wanda ya yaudari mutum ko ya yi amfani da talaucinsa don a cire masa wani sashe. Mutumin da ke yi maka magana ya san wannan sarai.

Ka tuna shari'ar Sanata Ike Ekweremadu, wanda ya daɗe yana mataimakin shugaban majalisar dattawa. Ka bar maganar sanatan, ka dubi yaron. Shekararsa 21, kayan waya yake sayarwa a Legas, aka kawo shi Landan a 2022 da alkawarin aiki da kuɗi, an ambaci har fam 7,000. Aka koya masa ya ce shi ɗan uwan 'yar sanatan ne, wadda ita ce ke buƙatar dashen ƙodar. Likitan asibitin Royal Free ya lura yaron bai fahimci abin da za a yi masa ba, ya ƙi amincewa. Daga nan yaron ya gudu, ya kwana a titi, ya kai kansa ofishin 'yan sanda yana kuka. A watan Mayu na 2023 kotu ta ɗaure sanatan shekara 9 da wata 8, matarsa shekara 4 da rabi, likitan da ya haɗa cinikin shekara 10. Yaron ya tsira da ƙodarsa, amma a kotu an karanta bayaninsa cewa tsoron komawa Najeriya yake yi. Kuɗin dashen da aka shirya biyan asibitin fam 80,000 ne. Ka kwatanta da abin da aka yanka wa mai ƙodar.

Ga yadda abin yake tafiya a nan, don ka san abin da za a sa ka yi. Ana yarda mutum ya zo daga waje ya ba da ƙoda kyauta, amma sai da takardar da ke nuna dangantaka ta jini ko ta kusa tsakaninsa da mara lafiyan. Kafin tiyata wani jami'i mai zaman kansa zai zaunar da kai kai kaɗai, ya tambaye ka ko an matsa maka, ko an yi maka alkawarin wani abu. Wato sai ka yi ƙarya a takardar biza, ka maimaita ta a gaban likita, ka sake maimaita ta a gaban jami'in. Daga ranar da ka yi ta farko dillalin ya riƙe ka, domin ba ka da wurin kai ƙara idan ya hana ka cikon kuɗin. Bizar kuma ta baƙunta ce, ba a aiki da ita, ba a kuma mayar da ita ta ɗalibi daga cikin ƙasar. Karatun da ka fito dominsa ba ya cikin lissafin tun farko. Sau da yawa ma sunan Ingila kawai ake kira, jirgin wata ƙasa daban zai sauke ka, fasfonka yana hannun wani.

Za a ce maka ana rayuwa da ƙoda ɗaya. Haka ne, ina ganin masu ba da kyauta suna rayuwarsu lafiya. Amma su an tace su wata da watanni, an duba hawan jini da suga da tarihin danginsu, an kori da yawa a hanya, kuma duk shekara ana duba su. Dillali ba ya son a kore ka, don haka zai ɓoye abin da ya kamata ya hana. Bayan tiyata za ka koma Zariya da ƙoda ɗaya, cikin zafin Afrilu, da zazzaɓi, da maganin ciwon jiki na kemis wanda shi kansa yana cin ƙoda. Idan ta gaza, wankin ƙoda sau 3 a mako ne, kusan awa 4 kowane zama. Ka leƙa asibitin Shika ka tambayi masu jinya abin da suka sayar kafin yau. A 2002 an buga wani bincike kan mutum 305 da suka sayar da ƙoda a Chennai ta Indiya: kusan dukkansu don biyan bashi suka yi, bayan shekaru kashi uku cikin huɗu suna nan da bashin, kashi 86 cikin 100 kuma sun ce lafiyarsu ta ragu.

Ban manta da mara lafiyan ba. Kullum ina tare da irinsu, na san yadda uba ke duban ɗansa a kan injin. Da ƙaninka na ciki ɗaya ne yake buƙata, ni zan fara yi maka bayanin yadda ake bayarwa. Malamai ma sun raba kyauta da ciniki: majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashe bisa sharuɗɗa, ta ce sayar da sassan jiki bai halatta ba.

Tambayar rukunin jinin nan ita ta fi tayar min da hankali, in ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi. Kada ka tura masa hoton fasfo ko sakamakon gwaji, kada ka karɓi ko naira ɗaya da sunan kuɗin mota, don da ita zai fara bin ka bashi. Ka adana hirarku ka kai wa NAPTIP, suna da ofishin shiyya a Kano, domin ba kai kaɗai ya rubuta wa ba. Ka kuma gaya wa Baba ko Yaya yau.

Batun karatu, ka rubuta wa jami'ar ka roƙi a ɗage maka gurbin zuwa baɗi, da yawa suna yarda. Akwai tallafin Commonwealth da na PTDF da na DAAD na Jamus, Chevening kuma tana neman shekara 2 ta aiki. Ka turo min sakamakonka na ABU da takardar gurbin, mu duba wanda ya dace da kwas ɗinka mu fara cikewa.