Hawan dutse ba igiya a bakin Tiga

Ɗan'uwa, ka ce kuna so ku taso daga Kano ku kafa tanti a Tiga ƙarshen mako, ku gwada hawan dutsen nan da ake yi ba igiya, wanda in hannu ya suɓuce sai a faɗa ruwa, irin na tsibirin Mayoka a Sifen. Kwana a tanti ba laifi, ku dai fara gaida mai unguwa. Hawan kuwa, kada kowa ya taka dutse sai kun auna zurfin ruwan a ranar, daidai inda mutum zai faɗo, kuma da masunci a kwalekwale kusa da ku.

Tiga dam ne, ruwansa ake sakar wa gonakin rani na Kadawa, shi ya sa yake ja da baya sosai. Inda na yi nutso bayan damina, da na koma a watan Maris kututture na tarar tsaye a fili, tsohuwar koma ta nannaɗe shi. Jikina ya yi sanyi, wallahi. Ku ɗaura dutse a igiya ku zura wuri uku ko huɗu, sannan gwanin iyo ya nutsa ya lalubo ƙasan da hannunsa.