Cikin hotuna ukun nan wanne za mu saka wa gem ɗinmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne a Kadpoly ina zaune a Tudun Wada, ni da abokina mun kwashe wata bakwai muna haɗa wani ɗan gem na waya, irin wanda za ka buga kana jiran layi, kai ne mai keke napep kana kauce wa ramuka da awaki kana ɗaukan fasinja kana tara kuɗi. Mun biya dala 25 ɗin rajistar Google mun saka shi a Play Store amma wallahi mutane gani suke su wuce. Abokina ya ce aikon ɗin ne matsala, wato ɗan hoton nan na gaba. Ga guda uku na turo maka, na farko shi ya zana, akwai gadar Kawo da keke da fasinja da sunan gem ɗin da KYAUTA a sama, na biyu fuskar mai keken ce kawai da gaban keken, na uku manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta zana mana. Gardama har ta kusa ɓata mu, dan Allah ka raba mana.
Daga mai karatu a Tudun Wada, Kaduna

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanina, sannunku da ƙoƙari Allah ya sa albarka, don ba ƙaramin abu ba ne mutum ya zauna da wutar nan da ake kawowa ana ɗaukewa ya haɗa gem har ya kai shi kasuwa. Na biyu za ku saka, amma sai kun gyara shi, bari in faɗa maka dalili.

Da na buɗe su a kwamfuta na farkon ne ya fi burge ni, gaskiya abokinka yana da hannu, har ƙarafunan gadar ya fitar. Sai dai ba a kwamfuta mutane za su gan shi ba. Google suna karɓar aikon a fikzil (ɗigon hoto) 512 tsawo 512 faɗi, nau'in hoton PNG, kar nauyinsa ya wuce KB 1024, to kai kana dizain ya cika maka sikirin kana ta ƙara masa kaya, alhali a wayar wanda zai sauke bai fi farcen babban yatsa ba, kuma yana jere ne da wasu gem ɗin birjik mutum yana ta jan sikirin sama da sauri. Shi ya sa na rage su ukun zuwa wannan girman na tura su cikin wata tsohuwar Itel mai fasasshen gilashi, na fita da ita rana tsaka wajen masu cajin waya a Kawo. A nan gadar ta koma wani zare mai ruwan toka, fasinjan sun zama ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero, sunan gem ɗin kuwa ko ka matse ido ba ya karantuwa. Wani dattijo da na miƙa wa ya juya wayar ya sake juyawa ya ce min kalandar wace ƙungiya ce wannan.

Sannan KYAUTA ɗin nan ku cire ta yau yau, tun 2021 Google suka hana saka kalmomin talla na farashi ko na cewa kai ne lamba ɗaya a cikin aikon ko sunan manhaja, kar ku ja wa kanku. Sunan ma ba sai kun rubuta a ciki ba tunda Play Store da kanta tana rubuta shi a gefe. Na kuma ga kun lanƙwasa kusurwoyin kun sa inuwa, wannan ma ba aikinku ba ne, ku ɗora shi murabba'i cikakke su za su lanƙwasa su sa inuwar, kawai ku janye duk wani abu mai muhimmanci daga kusurwa don kar a yanke shi.

Na ukun shi ne ya fi damuna, kuma shi ne zai fi jan ido, a nan haɗarin yake. Keke ne yana ƙyalli kamar yau aka ɓare shi daga leda, ga ƙura ga hasken faɗuwar rana, amma hotunan cikin gem ɗin da na gani a shafinku zanen katun ne mai sauƙi. Ka tuna wanda zai sauke fa data ya saya da kuɗinsa, wani ma sai da ya goge bidiyon bikin yayarsa ya samu fili a waya, ya buɗe ya ga ba abin da aka nuna masa ba ke nan, gogewa zai yi kuma in ransa ya ɓaci ya bar muku tauraro ɗaya, wannan tauraron kuma yana nan kowa ya zo sai ya gani. Ka sake duba hoton da kyau ma, an yi wa keken sitiyari irin na mota! Wane ɗan Kaduna ne bai san keke kan babur gare shi ba? Wanda kuka yi gem ɗin dominsa shi ne farkon wanda zai gane wanda ya zana wannan bai taɓa shiga keke ba.

To na biyu. Da na nuna shi a wajen, wani yaro mai sayar da caja ko daƙiƙa biyu bai yi ba ya ce gem ɗin keke ne, abin da nake nema ke nan. Dubi manyan da suka daɗe a kasuwa, Angry Birds na kamfanin Rovio na Finland da ya fito a 2009 da fuskar jan tsuntsun nan aka san shi, Subway Surfers na 2012 fuskar yaron ce, abu ɗaya babba a tsakiya, don idon mutum yana saurin kama fuska ko siffar da ya sani. Gyaran da yake buƙata shi ne keken rawaya ne bayansa ma kun sa ruwan ƙasa mai haske sai suka narke cikin juna, ku mayar da bayan shuɗi mai duhu, ku yi wa keken da fuskar baƙin layi mai kauri, fitilar nan guda ɗaya ta gaba ku ƙara mata girma don ita da gilashin ne suke cewa keke ne. Mai keken kuma ya yi shiru da yawa kamar hoton fasfo, ku buɗe masa ido ku karkata hular kamar yanzu ya kauce wa rami. In kun gama ku mayar da shi baƙi da fari ku gani, in har yanzu ana gane keken to kalolin sun rabu, ku kuma duba shi a farin sikirin da baƙi tunda mutane da yawa baƙin suke sakawa.

Shi kuma abokinka ka ce masa wahalarsa ba ta tafi a banza ba, akwai babban hoto na shafin gem mai fikzil 1024 a faɗi 500 a tsaye, nan ne gidan gadar Kawo da fasinjansa, a cire KYAUTA kawai.

Kar ka tsaya a kan maganata ni kaɗai. Cikin Play Console, wato shafin da kuka ɗora gem ɗin ta cikinsa, akwai wurin gwaji ba ko sisi, kana iya saka har aikon uku su kara da wanda yake kai, Google su raba wa masu shigowa su nuna maka wanda aka fi saukewa, ka bar shi aƙalla mako guda kuma abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, in ka canza baya da fuska tare ba za ka san wanne ya yi aikin ba. In masu shigowa shafin ba su da yawa sakamakon ba zai fito fili ba, to ka shiga Kasuwar Bacci da wayarka ka nuna wa waɗanda ba su san ka ba, ka ɗauke da sauri ka ce me ake yi a gem ɗin nan. Kar ka ce ya yi kyau, mu da kara kowa zai ce maka ya yi. Ka kuma duba lissafin da ke cikin Play Console ɗin, in mutane suna shiga shafin amma suna fita ba su sauke ba to aikon ya riga ya yi nasa, sai a koma kan hotunan ciki da yawan MB ɗin gem ɗin.

TAMBAYA: Yaya ina wuni, ina haɗa gem ɗin kacici-kacici da Hausa, zan iya saka hoton wata jarumar Kannywood a aikon don mutane su sauke?
Daga wata mai karatu a Rigasa

AMSA: Lafiya lau ƙanwata. A'a, sai in ta ba ki izini a rubuce, shi ma wanda ya ɗauki hoton yana da haƙƙi a kai. In aka kai ƙara Google za su iya sauke gem ɗin, in abin ya maimaitu su rufe akawun ɗin gaba ɗaya. Ki zana taki yarinyar da ɗankwali ta riƙe haɓa tana tunani, da babbar alamar tambaya a gefenta, ki turo min in gwada shi a Itel ɗin nan.