Ku Tambaya Mu Amsa: Fara Aiki da Hotunan Tauraron Ɗan'adam

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin aikin gona ne, ina son in riƙa duba lafiyar shuka a gonakin rani na Kadawa ta hotunan tauraron ɗan'adam. Wace manhaja zan fara da ita, kuma nawa zan kashe? Daga wani mai karatu, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. In ka cire kuɗin data, ko sisi ba za ka kashe ba. Sauke QGIS, manhajar aikin taswira, kyauta ce, ka zaɓi sigar LTR, wato mai kulawar dogon lokaci, domin ita ta fi zama daram. Kwamfuta mai RAM na gigabait 8 ta isa farawa.

Hotuna kuwa, buɗe asusu a shafin intanet na Copernicus Data Space Ecosystem ka nemi na Sentinel-2. Tauraron Tarayyar Turai ne, na farkonsa ya tashi a 2015, kuma ana samun sabon hoton wuri ɗaya kusan duk kwana 5. Kowane ɗigon hoto, wato fiksel, mita 10 ne a kan mita 10 a ƙasa, don haka kadada guda fiksel 100 ce kacal. Wannan lissafin ya zauna maka a kai: za ka ga gonar shinkafa ko alkama a dunƙule, amma ba za ka ga kunya ko ɗan kwamin albasa ba.

Wurin zaɓa, ɗauki mataki na L2A, wanda aka riga aka rage masa tasirin iska da tururi, ka bar L1C. Hoto ɗaya yana rufe kimanin kilomita 100 a kan 100, nauyinsa kan kusanci gigabait guda, saboda haka ka leƙa shi a Copernicus Browser, shafinsu na kallon hotuna, tukuna, kada ka ƙona data a kan gajimare. Da ka shigar da shi QGIS, zana iyakar gonakin da kake so ka yanke hoton a kanta. Kwamfutarka za ta gode maka.

Kada ka fara da jiha guda. Ɗauki gona biyu ko uku da ka sani da ƙafarka, waɗanda ka san ranar shukarsu da ranar ban ruwansu.

Tambaya: Na lissafa NDVI na gonar masara da ke kore shar, amma sai na samu 0.45. Ina matsalar take? Daga wata malama, Zariya.

Amsa: Malama, wannan tarkon ya kama mutane da yawa. NDVI, ma'aunin lafiyar shuka, yana auna bambanci tsakanin jan haske, wanda ganye ke shanyewa, da hasken infrared na kusa, wanda lafiyayyen ganye ke mayarwa. A Sentinel-2 kowane irin haske yana da shimfiɗarsa, wato hotonsa daban mai lamba: B4 ne ja, B8 ne infrared. Ana cire B4 daga B8, a raba da jimillarsu. Tsurar ƙasa kan tsaya wajen 0.1 zuwa 0.2, shuka mai cika kuma daga 0.6 zuwa sama.

To, daga 25 ga Janairun 2022 an fara ƙara 1000 a kan lambar kowane fiksel. Dubi sunan fayil ɗinki: in kin ga N0400 ko lamba sama da haka, ƙarin yana ciki, ko da hoton na shekarun baya ne aka sake sarrafawa. A ce B8 ya nuna 4000, B4 ya nuna 1500. In kin lissafa haka nan, 2500 a raba da 5500 ya ba da 0.45. In kin cire 1000 daga kowanne, sai ya zama 2500 a raba da 3500, wato 0.71. Gona ɗaya, rana ɗaya. A cikin Raster Calculator na QGIS ki rubuta (B8 - B4) / (B8 + B4 - 2000), ki kula da baka-bakan, domin rashin guda ɗaya yana juya lissafin gaba ɗaya.

In gyaran bai warware ba, dubi sararin sama na ranar. Siririn gajimare da hazon hunturu duk suna danne NDVI. A babban fayil na R20m akwai shimfiɗar SCL, mai nuna abin da ke kowane fiksel: lamba 3 inuwar gajimare ce, 8 da 9 gajimare, 10 siririn gajimare. Ki fitar da waɗannan kafin lissafi. Hazo dai ba ya yawan faɗawa wannan rariyar, sai kin duba hoton da ido. In ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, nemi na wata rana. A watan Agusta kuwa ana iya shafe makonni ba a sami hoto mai tsabta ba. A nan ne radar na Sentinel-1 ke shigowa, don yana ratsa gajimare, sai dai karatunsa daban ne, ba na mafari ba.

Wani kuskuren: lambobin shimfiɗun haske, irin su B4 da B8, ba ɗaya suke ba a kowane tauraro. A Landsat 8 da 9, taurarin Amurka, na 5 ne infrared, na 4 ja.

Tambaya: Na lissafa faɗin fili sai ya ba ni wata 'yar lamba mai sifili da yawa. Daga Sakkwato.

Amsa: Shimfiɗarka tana kan tsarin awon taswira na EPSG:4326, mai awo da digiri maimakon mita. Mayar da ita UTM, tsarin da ke awo da mita, wanda ya raba duniya shiyya-shiyya. Sakkwato na shiyya ta 31N, wato EPSG:32631. Kano da Zariya na 32N, Maiduguri 33N. Sai ka raba murabba'in mita da 10,000 ka sami kadada.

Tambaya: Ina son ganin yadda garinmu ya faɗaɗa cikin shekara 30. Daga Maraɗi.

Amsa: Sentinel-2 bai kai can baya ba. Je EarthExplorer na hukumar USGS ta Amurka ka ɗauki Landsat, wanda ya faro tun 1972. Daga Landsat 4 da 5 fiksel ɗinsa mita 30 ne. Ka zaɓi hotunan wata ɗaya a kowace shekara, misali Nuwamba, in ba haka ba bambancin damina da rani za ka auna. Ka guji Landsat 7 bayan Mayun 2003: wata na'urarsa ta lalace, hotunan suna fitowa da zane-zanen giɓi. Na 1995 ka ɗauka daga Landsat 5, na yanzu daga 8 ko 9.