Tururi Kafin Almakashi, Busasshen Dutse Bayansa

Ɗana, ka tambaye ni jiya, sa'ad da kake haɗa ƙyallayen atamfa na bargon nan, ko ya kamata ka kunna tururin dutsen guga ko ka bar shi a bushe. Amsar tana ga matakin da aikin ya kai, kuma almakashi ne iyaka a tsakani.

Kafin ka yanka, kada ka yi rowar tururi. Auduga takan tsuke idan danshi da zafi suka taɓa ta a karon farko, saboda haka gara ta tsuke tun yadin yana guda da ta tsuke bayan ka fitar da awo. Tururin ne kuma yake kwantar da layin ninkin da yadi yake zuwa da shi daga kasuwa. Ka juya maɓallin zafin dutsen zuwa alamar ɗigo uku, wato zafin da ya kai kusan digiri 200 a ma'aunin Celsius, wanda shi ne na auduga, sannan ka bari yadin ya huce sarai kafin ka ɗora masa tef.

Da zarar ka yanka, lamarin ya sauya. Danshi yana sassauta zaren saƙa, kuma ƙyallen da aka yanka a karkace, kamar masu kusurwa ukun da ke gabanka, ba shi da zare miƙaƙƙe a bakinsa da zai riƙe shi. Ka tuna jan ƙyallen nan da bakinsa ya yi lanƙwasa kamar ganyen da ya sha rana, har kusurwarsa ta ƙi haɗuwa da ta ɗan'uwansa? Tururi ka sakar masa, ka kuma ja dutsen a kansa kamar mai gugar riga. Idan kowane ƙyalle ya ƙaru da milimita 2 kacal, jeri mai ƙyalle goma ya ƙaru da santimita 2 ke nan, alhali bakin ɗinkinmu, wato rarar yadin da muke bari tsakanin layin ɗinki da gefen ƙyalle, gaba ɗaya rubu'in inci ne, kusan milimita 6.

Don haka a nan danna dutse ake yi, ba a jan sa. Ka ɗora, ka ƙirga biyar, ka ɗaga. Fara danne ɗinkin a rufe yadda ya fito daga keke domin zaren ya zauna, sannan ka buɗe, ka kwantar da bakin ɗinkin ta ɓangaren yadin da ya fi duhu don kada inuwarsa ta bayyana ta cikin mai haske.

Inda ɗinki huɗu ko fiye suka haɗu suka yi tudu, nan kaɗai nake yarda da danshi. Ni dai na fi son in bar tankin dutsen babu ruwa, domin na sha ganin tsohon dutse ya ɗiga ruwan tsatsa a farin yadi. Ka fesa ruwa kaɗan a daidai tudun, ka danna, ka ɗora guntun katako mai santsi a kai har wurin ya huce, sannan ka motsa ƙyallen.