"Sai an biya ni in biya ka": amsa ga mai filasta a Tunfure

Wani bawan Allah daga Gombe ya turo min tambaya, wai babban ɗan kwangila ya yanka masa aikin filasta da tayil na wani bene a unguwar Tunfure, an ce ya gama cikin sati 6, kuɗi kuma sai ranar da mai ginin ya biya. Ya karɓa ko ya bari?

Malam, karɓi aikinka, amma wannan magana ta "sai an biya ni" kar ka yarda da ita ko da wasa. Kai da ɗan kwangila kuka yi ciniki, mai gini bai ma san sunanka ba, in rigima ta haɗa su a kan rufi ko wayar wuta kai ne za ka zauna wata 4 leburori na yi maka sallama kullum da asuba, mai yashi ma ya ƙi ɗaga wayarka.

Ku zauna ku rubuta, ko a takardar makaranta ce, kowa ya sa hannu da shaidu 2. A raba kuɗin bisa aiki: kafin alƙalami tun ba ka kawo yara ba, wani kaso in an gama filastar ƙasa, wani in an gama sama, ciko bayan tayil, kuma a rubuta kwana nawa tsakanin injiniya ya duba da alat ya shigo, ni dai kwana 7 nake ba da shawara. In ɗan kwangila zai riƙe wani abu saboda gyara, yawanci kashi 5 cikin 100 ne na wata 6, a sa ranar sakinsa.

Sati 6 ɗin nan kuma daga yaushe? Nan ake cin mutane wallahi. A fara ƙirga daga ranar da siminti ya sauka kuma mai wayar wuta da mai famfo sun gama fasa bango, in ba haka ba ka shafe bango su zo su farfasa a ce kai ka makara. Ranar da ruwan Agusta ya hana aiki, ɗauki hoto ka tura wa ɗan kwangila a WhatsApp nan take.

Siminti kuwa bar shi a wuyansa. Kamfanin simintin Ashaka na nan kusa da mu amma a farkon 2024 buhu sai da ya haura dubu 10, waɗanda suka yi jinga har da kaya sun ji a jikinsu. Duk ƙarin aikin da ya ce "ɗan taɓa min nan", a faɗi kuɗinsa a rubuce kafin ka kwaɓa siminti.