Haƙarƙari, awaza da faɗuwar gaba: amsoshin tambayoyinku

Wani tela daga Tawa ya aiko da tambaya. Ya ce gardama ta kaure tsakaninsa da abokin aikinsa a kan haƙarƙari da awaza: abu ɗaya ne, ko kowanne da inda ya dosa?

Malam, ku biyun kuna da gaskiya, kowa dai gefe guda ya kama. Haƙarƙari shi ne ƙashin nan siriri mai lanƙwasa kamar baka, wanda ya taso daga ƙashin baya ya zagayo gaba. Awaza kuwa gefen ne ɗungurungum, ƙashi da tsokar da ke manne da shi, shi ya sa kalmar ta fi zama a bakin mahauta da masu gashi. In kana son gani da idonka, jira ranar Layya. Idan an feɗe rago, an buɗe shi, an soke a itace an jingina gefen wuta yadda muke yi a nan Nijar, matsa kusa ka ƙirga da yatsa. Za ka samu 13 a kowane gefe, haka ma akuya da saniya. Doki 18 gare shi. Ɗan Adam kuwa 12 a dama, 12 a hagu, jimilla 24.

Kuma ba duka ne suka iso gaba ba. Bakwai na sama sun haɗe da ƙashin tsakiyar ƙirji ta hanyar guringuntsi, uku na ƙasansu sun rataya a guringuntsin na sama da su, biyu na ƙarshe kuma gajeru ne, bakinsu a sake yake cikin tsoka, can wajen kwiɓi. Ɗan tsinin da ke ƙarshen ƙashin ƙirji, inda yatsa ke lumewa in ka danna, shi ne ƙahon zuci. Ina matuƙar son wannan suna. Wanda ya raɗa shi ya taɓa wurin da hannunsa, ya kuma san abin da ke kwance a bayansa.

Wata malamar makaranta daga unguwar Bukoki a Yamai ta ce ɗalibanta sun tambaye ta ko gaskiya ne haƙarƙarin namiji bai cika ba, tunda daga na Annabi Adamu aka halicci Hawwa'u. Malama, gaya musu ya cika cif. Namiji 24, mace 24. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya ce an halicci mace daga haƙarƙari, mafi karkatarsa na sama, in ka nace sai ka miƙar da shi karya shi za ka yi. Wasiyya ce ga maza su kyautata wa mata, babu inda aka ce an rage wa ƴaƴan Adamu maza ƙashi. Ki kuma nuna musu cewa lanƙwasar nan ita ce amfanin haƙarƙari. Da a miƙe yake, ina huhu zai samu wurin buɗewa?

Wani kuma ya tambayi ma'anar "faɗuwar gaba asarar namiji". Gaba a nan ƙirji ne. Wanda ya razana yakan ji wani abu ya yanke masa a ƙahon zuci, sai ya ce gabansa ya faɗi. Karin maganar na cewa wanda tsoro ya riga ya kama tun kafin a gwabza, ya yi rabin faɗuwa. Kishiyarsa shi ne wanda ya bugi ƙirji ya ce zai iya.

Tambayar da ta fi tsaya mini a rai ta zo ne daga wata uwa a Tawa. Ta ce ɗanta mai shekara biyu ya kwana da zazzaɓi da tari, tsofaffin gida suka ce ciwon awazai ne, a kira wanzami ya yi masa tsaga a gefe. Tana son sanin ko ciwon a ƙashi yake.

Hajiya, a nan sunan ya faɗi inda ake gani, bai faɗi inda cutar take ba. Ciwon awazai, ko ciwon haƙarƙari kamar yadda wasu ke cewa, a huhu yake, shi ne likitoci ke kira nimoniya. Haƙarƙari keji ne mai motsi. Duk jan numfashi, tsokar da ke tsakanin ƙasusuwan tana ɗaga su, faifan tsokar da ya raba ƙirji da ciki yana sauka, sai iska ta shiga. Idan huhu ya kumbura, yaro sai ya yi da ƙarfi kafin ya samu iska. Ki ɗaga rigarsa lokacin da ba ya kuka, ki duba ƙasan ƙirjinsa. In kin ga wurin yana lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi, abin da iyayenmu suka gani ke nan har suka ɗora laifin a kan awazai. Idonsu bai yi ƙarya ba, amma askar wanzami a fata take tsayawa, ba ta isa huhu.

Akwai ƙirgen da kowace uwa za ta iya yi da agogon waya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. Jariri daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara ɗaya, in ya yi numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya, ya yi sauri. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. Ɗanki yana cikin rukuni na biyu. In kin ƙirga kin samu haka, ko kin ga lotsawar nan, ko ya ƙi sha, ki goya shi zuwa likita yau ɗin nan, kada ki bari rana ta faɗi.