Tambaya da Amsa: Kagarar da aka fara yaƙin basasar Amurka a kanta

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Malamin tarihinmu yace wai akan wani ɗan sansanin soja a cikin teku aka fara yaƙin basasar Amurka, ni dai abin bai shige ni ba, ta yaya gini ɗaya zai jawo yaƙi? Daga ɗanka a Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Ɗana malaminka bai yi ƙarya ba. Sunan wajen Fort Sumter, yana bakin tashar jiragen ruwa ta Charleston a jihar Carolina ta Kudu. Ka ɗauka kamar a zuba duwatsu tsakiyar dam ɗin Dadin Kowa har su zama tsibiri sannan a ɗora ginin bulo mai kusurwa biyar a kai. Tun 1829 aka fara ginin, shekara talatin da ɗoriya ba a gama ba, aikin gwamnati ko'ina haka yake.

Asalin rigimar bautar da bayi ce. Da Abraham Lincoln ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1860, Carolina ta Kudu ta ɓalle daga Amurka ran 20 ga Disamba, bayan kwana shida Manjo Robert Anderson na sojan tarayya ya sulale cikin dare da sojojinsa, mutum tamanin da 'yan kai, suka shige kagarar suka ɗaga tutar tarayya, to kaga tutar ƙasar da ka ce ka fita daga cikinta tana kaɗawa a ƙofar gidanka ai ba zaka iya bacci ba. Abinci ya fara ƙare musu, Lincoln kuma ya aika cewa abinci kawai zai tura, a ganina nan ya yi wa 'yan tawayen da suka ɓalle wayo, ya bar su su zama masu fara harbi.

Da asubahin 12 ga Afrilu 1861, ƙarfe 4:30, 'yan tawayen suka buɗe wa kagarar wuta da igwa, awa 34 ana luguden wuta kafin Anderson ya miƙa wuya. Kwamandan 'yan tawayen Janar Beauregard, ɗalibin Anderson ne a makarantar soja ta West Point! Kuma babu wanda ya mutu a fafatawar, sai wajen harba igwar bankwana da tuta ne harsashi ya fashe ya kashe soja Daniel Hough nan take. Lincoln ya nemi 'yan sa kai 75,000, ƙarin jihohi huɗu suka ɓalle, shikenan yaƙin shekara huɗu da ya ci rai sama da 600,000.

Daga 1863 sojojin tarayya suka dinga ragargazar ginin har ya koma tulin kasko, amma sai Fabrairun 1865 'yan tawaye suka bar shi. Ran 14 ga Afrilu 1865 Anderson ya dawo ya ɗaga tsohuwar tutar nan, a daren ranar aka harbi Lincoln a Washington.